Shamuwa, Motar Tsohuwar Baturiya

Tun da na dawo ba wanda ya gaishe ni gaisuwa sak. A kasuwar Guci, a ƙofar masallaci, har a bakin rijiya, sai an ƙara da "Malam Haru, yaya Kano?" Wasu tsakani da Allah suke tambaya. Wasu kuwa sun riga sun ji rabin labarin, sauran rabin suke nema su yi dariya da shi. To ga shi nan duka, kowa ya ɗebi nasa a bar ni in huta.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Ɗana Lawali ne ya tashi zai tafi Libiya. Ya yi permi, wato lasin, a Damagaram, hannunsa ya faɗa da tuƙi, amma ba mota, sai bin na mutane ranar kasuwa a ba shi na goro. Abokinsa Mamman, wanda suka taso tare, ya tafi can shekarun baya. Ya kira sau ɗaya daga Agadas, daga nan shiru har yau. Uwar Mamman maƙwabciyarmu ce, kullum ina ganin yadda ta koma. Saboda haka da Lawali ya zo ya durƙusa ya ce in sa masa albarka, na ce albarka tana nan, amma ya ba ni zuwa bayan kaka. Ni dillalin dabbobi ne, abin da na mallaka a kan ƙafa huɗu yake. Na kwashe bijimaina na sayar, har da na huɗa. Na ce za mu je Kano in saya masa mota, ya riƙa jigilar 'yan kasuwa tsakanin Guci da Dungas da Magarya, ya kwana a gida. Uwarsa Habsu ta tashi ta shiga dama mana furar hanya.

Ta Maigatari muka fita, don nan ce hanyar da ƙafata ta sani. Duk Alhamis ina can da awaki ko shanu, jandarmomin bariyar iyaka ma da sunana suke kirana. Abin da ban saba ba shi ne canjin kuɗi mai yawa. Ɗan canjin ya dubi ƙunshin sefa da na kwance daga ɗamara, ya ce in ya ba ni naira sai na nemi buhu, kuma ba mai hankalin da zai shiga Kano da buhun kuɗi yanzu. Ya danna nan ya danna can, wayar Lawali ta yi ƙara, aka ce wai shi ke nan, kuɗin suna ciki. Bijimai masu tozo, waɗanda na yi shekaru ina yi wa harawa, sun koma saƙo a waya. Daga wannan lokacin hankalina bai sake kwanciya ba. Duk 'yar tafiya sai in taɓa Lawali in ce, "Kai, da sauran caji?" Ya yi ta gaya mini ko wayar ta mutu kuɗin ba su mutuwa. Na ji shi, amma ban yarda ba.

A motar Kano mu biyu aka cusa a kujerar gaba ɗaya. Ni ina duban hanya, Lawali yana duban ƙafar direba. Mun wuce Gumel kenan bidon furar Habsu, jarkar nan tamu, da ya sha zafin inji a ƙarƙashin ƙafarmu, ya kumbura ya tunkuɗe murfi. Furar ta wanke mini wando, ta wanke takalmin direba. Wata hajiya a baya ta ce ai dama in ka ɗauki Badamagare sai ka wanke mota. Aka yi ta dariya. Na ce mata mu dai da guzurinmu muke tafiya, ba ma jiran na mutane. Kun san tsakaninmu da Kanawa, wasa ne tun na kakanni, ba a fushi.

Masaukinmu gidan wani Alhaji Bala ne mai saukar fatake, wanda na sani ta harkar shanu. Mutumin kirki, amma ɗakin baƙinsa ya fi kasuwa hayaniya. Ga 'yan goro, ga wani mai sayar da maganin basir da ke gwada lasifikarsa, ga janareton maƙwabta. Ranar ba wuta a unguwar, sai da na tasa Lawali gaba muka nemo mai cajin waya, na tsaya a kansa ina gadi har ta cika. Abinci kuwa akwai shi, ba laifi. Gurasarsu ta yi mini daɗi. Amma furar da suka kawo, inji ne ya dama ta, da ƙanƙara da sukari, a cikin roba mai murfi. Na sha don kada a ce na raina, sai dai ba ta zauna mini a ciki ba. A Kano kowa sauri yake, har mai gaisuwa yana gaishe ka ƙafarsa tana gaba. Mu esansi muke cewa, su fetur. Na ce wa wani ɗan sanda ga permin yaro, ya ce shi lasin ya sani.

Da safe Alhaji Bala ya haɗa mu da wani dillalin motoci, Ɗanladi, gajere mai fara'a, da makullai cike da aljihu. Filin da ya kai mu ya fi turken Maigatari girma, motoci jere an wanke su suna walƙiya. Yana jin maganata ya tafa hannu.

"A'a, bayinmu ne suka zo! Badamagare zai hau mota, jakai sun huta."

Na ce, "Ubangidanka dai ya zo. Nuna mini mai lafiya."

Ya kai mu gaban wata fara mai dogon baya, irin wadda ke ɗaukar mutum da kaya. Ya ce 'yar Kwatano ce, ba ta daɗe da sauka daga jirgin ruwa ba. Wai wata tsohuwar Baturiya ce mai ita, daga gida sai coci, daga coci sai kanti.

Ni a sana'ata ba a yi mini wayo da sauƙi. Na san sa da aka ɗura wa ruwan kanwa don cikinsa ya cika. Na san raƙumin da aka goge wa haƙori. In na buɗe bakin dabba, ko mai ita ya rantse da me, ni haƙori nake saurara. Don haka na ce wa Ɗanladi, "Ina haƙoranta?"

Ya yi dariya ya buɗe ƙofa, ya nuna mini agogon kilomita, wanda direbobinmu ke kira kontar. Dubu sittin da 'yan kai. Ya ƙwanƙwasa gilashin da farce ya ce, "Alhaji, wannan ba bakin akuya ba ne. A rufe yake tun daga Turai. Mutum yana ƙarya, lamba ba ta yi."

Maganar ta shige ni. Haƙori hannu yana kai gare shi, wannan kuwa ga shi a bayan gilashi. Na zagaya motar kamar yadda nake zagaya sa, na ga bayanta a ɗage, ya fi na sauran tsayi. Na ce a raina, ga ƙugu, wannan za ta ɗauki buhuna. Lawali ya tsuguna ya leƙa ƙasa, ya shafa robar birki, ya ɗaga rigar da aka sa wa sitiyari. Ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya.

"Baba, robar feda sabuwa ce fil. Me zai sa a canza ta in motar ba ta yi tafiya ba? Sitiyarin kuma ya sha hannu."

Ɗanladi yana ji. Ya ce, "Yaro ya fi uba sanin ciniki kenan?"

Na harari Lawali. A kasuwarmu ɗa ba ya gyara wa uba magana ana tsakiyar ciniki, balle gaban baƙo. Ya ja bakinsa ya koma gefe. Muka yi ta ja, na taya, Ɗanladi ya ce albarka, na ƙara, ya kira wani a waya, ya dawo ya ce an sallama. Ban ga mai motar ba, ban kama hannunsa ba. Waya ta sake yin ƙara, bijimaina suka fita. Da za mu tafi Ɗanladi ya dafa ƙofa ya ce mu koma ta Maigatari, hanyar ta fi kyau. Har sau biyu ya faɗa. Ni kuwa na riga na ƙudura ta Magarya za mu bi, don mijin ƙanwata Zali ya san yadda ake takardun duwan, wato kwastan, kuma ina so Zali ta ga abin da yayanta ya sayo.

A gidan mai na bayan gari abu na farko ya faru. Na ce a cika ta. Mai zuba man ya zuba, ya zuba, ya dube mu, ya ci gaba da zubawa. Can ya tsaya ya leƙa ƙarƙashin motar ko yoyo take. Ba digo ko ɗaya. Ya ce tun da yake bai ga ƙaramar mota mai cin na babba ba. Na ce ai ƙasar Turawa nisa gare ta, dole a yi wa motocinsu babban ciki. Tun daga nan har Ɓaɓura Lawali kunne kawai yake karkatawa wajen inji. Ni ma na kasa zama daidai, in gyara hula, in buɗe gilashi, in rufe.

Muna shiga Babban Mutum, garin ƙarshe kafin iyaka, wani amalanke ya tare hanya. Lawali ya danna ham, karo na farko tun da muka karɓe ta. Abin da ya fito ba kukan ƙaramar mota ba ne, ham ɗin tirela ne mai murya biyu, har sa na amalanken ya zabura. Sai na ga mai shayin bakin tasha ya miƙe da ludayi a hannu. Masu faci suka bar taya. Wani ya ƙwala ihu, "Shamuwa! Wallahi Shamuwa ce ta dawo!"

Kafin mu yi wani abu an kewaye mu. Wannan ya shafa bayanta, wancan ya ce an yi mata farin fenti kamar amarya. Na fito ina cewa kuskure suke, 'yar Kwatano ce. Mai shayin ya ce, "Baba, zauna ka sha ruwan zafi. A kira Ila."

Ila ya zo a kan babur, dogo, mai tabon ƙuna a hannun dama. Bai gaishe mu ba sai da ya gama zagaya motar. Ya buɗe ƙofar direba, ya kankare fentin jikin ƙarfe da makulli, shuɗi ya fito. Sannan ya zo ya durƙusa ya gaishe ni da ladabi.

Ya ce, "Baba, shekara da shekaru ni ke jan ta. Mai muke ɗauka daga nan zuwa Magarya ta cikin daji, lokacin da yake araha a wannan gefen. Tankin nan a gabana aka yi waldarsa. Sifirin ɗin baya ni na ƙara, don in an cika ta da bidon mai kada ta zauna. Da mai ya yi tsada harkar ta mutu, maigidana ya kai ta Kano."

Na ce, "To kontar fa? Dubu sittin ya nuna."

Duk wurin aka kwashe da dariya, ban da Ila. Ya ce, "Ya haura dubu ɗari huɗu sannan ya mutu. Ni a mace na ƙarasa shekaruna da shi. In yanzu yana motsi, wani ne ya tashe shi ya mayar da shi yaro."

Na ajiye kofin shayin. Kunya ta kama ni, ba ta mutanen tasha ba, ta ɗana da ke tsaye yana kallon ƙasa. Ila ya ƙi barin mu biya kuɗin shayi. Da za mu tashi ya shafa kan motar ya ce wa Lawali kada ya matsa mata a yashi, tana da zuciya amma ta tsufa.

A duwan ba a wahalar da mu ba, takardunmu daidai suke. Sai dai wani dattijo cikin ma'aikatan ya dubi bayan motar, ya dube ni, ya yi murmushi ya ce ta ba su aiki a zamaninta.

Zali ta tarbe mu da guɗa a Magarya, ta yanka zabi. Na ci ban san me nake ci ba. Washegari muka kai motar garajin wani Gambo. Ya kwance allon gaban direba ya nuna mini kusoshin da ke riƙe da kontar, kawunansu duk a cinye saboda yawan kwancewa. Ya ce da irin na allura da irin na zamani duk ana juya su, na zamani ma ya fi sauƙi, na'ura ake jonawa. Ya zaro sandar duba baƙin mai ya murza a yatsa. An zuba mai kauri ne don injin ya yi shiru ranar ciniki. Na tambaye shi gaskiya tsakaninsa da Allah. Ya ce a kwalta, ba kaya, za ta lallaɓa. Amma yashin Guci da buhunan wake, injin ba zai ga damina ba.

A wurinmu in ka sayi dabba aka ɓoye maka aibinta, dillali kake nema. Shi zai karɓi igiya ya mayar wa mai ita, don in bai yi ba, ba mai sake ba shi ko tunkiya. Da wannan na bar Lawali da motar a gidan Zali, na hau ta haya na koma Kano ni kaɗai. Duk hanya ina shirya maganar da zan faɗa.

Ɗanladi yana hango ni ya buɗe hannu. "Bawana ya dawo! Ko ka manta jakinka ne?"

Na ce, "Yau ba wasa ya kawo ni ba."

"Haba, tsakanin Bakano da Badamagare har akwai ranar da ba wasa?"

Nan ya ɗaure ni. Duk abin da na faɗa sai ya mayar da shi raha, mutanen wurin suna taya shi. In na ɗaga murya ni ne na ɓata wasan kakanni. Da na nace sai ya ce shi ma lambar ya gani, mai motar kuma ya yi tafiya, ba a san ranar dawowarsa ba. Aka kai ni wurin shugaban dillalan filin, wani dattijo mai carbi. Ya saurare ni sosai, ya yi wa Ɗanladi faɗa, har na fara sa rai. Sannan ya tambaye ni ko an hana ni zuwa da makaniki ranar ciniki. Na ce a'a. Ya ce a nan in mota ta fita ƙofa ta fita, amma don zumunci a ba ni wata in cika kuɗi. Ɗanladi ya kai ni gaban wata ja, ya ƙwanƙwasa gilashin kontar, ya buɗe baki zai fara. Na ce, "Ita ma ta tsohuwar ce?" Bai ji kunya ba, ya ce ta ƙanwarta ce. Ƙarshe dai sabon batir suka ba ni, wai a kashe magana. Na rungumo shi a cinya tun daga Kano har Magarya, don ba abin da zan iya nunawa sai shi.

Na iske Lawali a ƙofar gidan Zali yana wanke motar. Ya karɓi batir ɗin, ya ɗaura, ya share hannu. Bai tambaye ni yadda aka yi ba. Muka kama hanyar gida a hankali, yana kauce wa yashi mai zurfi. Mun wuce Dungas sannan ya yi magana, idonsa a kan hanya.

"Baba, na yi magana da Gambo. Jikinta da sauran ƙarfi. Inji kawai take so."

Na ce, "Sai a nema."

"Da me? Ko na huɗa babu." Ya canza giya. "Shekara ɗaya zan yi a Libiya. In samo na inji, in mayar maka da shanunka."

Na ce ban nemi shanu a wurinsa ba. Na ce zan ci bashi, zan sayar da gonar fadama. Na ambaci Mamman. Na yi faɗa, na yi lallashi, har na ce ban yafe ba in ya tafi, sannan na janye, don bakin uba ba abin wasa ba ne. Ya bar ni na gama. Ya ce da can don kansa zai tafi, kuma da zai iya haƙura. Yanzu kuwa ba zai zauna yana kallona ina bin turken mutane ba ni da ko ɗan maraƙi ba. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ya yi mako guda a gida. Ya kafa wa motar rumfar zana a gindin bedin ƙofar gidanmu, wato dalbejiya, ya ɗora ta a kan duwatsu don tayoyi su huta. Ya zaunar da ni a kujerar direba, ni da ban taɓa riƙe sitiyari ba, ya koya mini yadda zan tabbatar giya tana sake, in murza makulli, in bar ta ta yi ɗumi, in kashe. Ya ce kullum da safe, don kada batir ya mutu kafin ya dawo. Ranar kasuwa ya bi motar Damagaram.

To, masu tambayar yaya Kano, kun ji. Washegarin tafiyarsa na dawo daga masallaci na shiga na murza makullin kamar yadda ya nuna mini. Injin ya yi tari ya kama. Sai ga Habsu ta fito zaure da gudu, ba mayafi, hannunta duk gari. Ɗan farinta ne, tun da ta haife shi ban taɓa jin sunansa a bakinta ba.

Ta ce, "Lawali?"

Ta leƙo ta ga ni ne. Ta tsaya kaɗan, ta goge hannu a zane, ta koma ciki.